Yaya Kenny Baker yake jan goge sumul haka?

Tambaya: Jama'a, mene ne sirrin laushin kiɗan Kenny Baker, mai kaɗa gogen Turawa (violin) a ƙungiyar mawaƙin Amurka Bill Monroe?

Amsa 1: Dogon ja ne, malam. Yakan haɗa sautuka da yawa a ja guda na bakan goge. Mutumin jihar Kentucky ta Amurka ne, tsohon mahaƙin kwal, an haife shi 1926, ya rasu 2011.

Amsa 2: Ɗaura tsirkiyoyin gogen huɗu a kan sautukan G, D, A, E. Saki wuyan hannu. Idan ka danne baka da ƙarfi, sauti zai shaƙe. Ƙaro ma kaɗan ake goga wa izga, in ya yi yawa sai ƙarce.

Amsa 3: Saurari faifansa na 1976, "Kenny Baker Plays Bill Monroe", ka rage sauri ka bi shi.