Wanda Ya Ci Ya Sha da Rana, Ya Yi Azumi?

Ɗan Kwaya (mawaƙin coci): Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ni dai a ganina abin da muke kira azumi a Katolika bai kai azumi ba. A 2025 Larabar Toka, ranar da muke shiga lokacin azumi ana shafa mana toka a goshi, ta faɗo 5 ga Maris, maƙwabtanmu Musulmi sun riga mu shiga Ramadan da 'yan kwanaki. A garejinmu ina kallon yara kwance ƙarƙashin mota cikin zafin nan, leɓe ya bushe, ko ɗigon ruwa ba sa kurɓa sai magariba. Ni kuwa ga toka a goshi, ga ledar ruwa a hannu. Abin ya dame ni ƙwarai.

Katikis (mai koyar da addini a coci): Ɗana, damuwarka mai kyau ce, amma bari a fara da abin da Ikilisiya ta ce. Azumin dole rana biyu ne: Larabar Toka da Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji. A ranakun nan cin ƙoshi sau ɗaya ne, sai ɗan abin taɓawa sau biyu. Ruwa da magani ba sa karya shi. Ya hau kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Barin nama ran Jumma'a kuma daga shekara 14 ne. Paparoma Bulus na Shida ne ya sassauta a 1966. Kafin nan dokar ta ɗora azumi a kowace rana daga Larabar Toka zuwa Ista, ban da Lahadi.

Ɗan Kwaya: To ka gani, Baba Katikis! An sassauta har ya zama babu. Yesu kwana 40 ya yi a jeji bai ci kome ba, mu rana biyu.

Malamar Makaranta: Ƙanena, wa ya hana ka ƙarawa? Doka ta faɗi mafi ƙanƙantar abin da kowa zai iya ne, har da mai dako da mai aikin dare. In kana da ƙarfin wuni ba ci ba sha, yi, Allah ya karɓa. Abin da ban yarda da shi ba, a ce na wani ba azumi ba ne don bai yi kama da naka ba. Bisharar da ake karantawa ran Toka, Matiyu sura 6, cewa ta yi mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, kada mutane su gane.

Mama ta Zumunta: 'Ya'yana, ni tambayata daban ce. A unguwarmu akwai gwauruwa mai marayu huɗu, tuwo sau ɗaya suke ci a rana, damina da rani. Nama sai Kirsimeti. In azumi yunwa ce kawai, ta fi mu duka, kuma ba ta zaɓa ba. Ni abin da ke cin raina shi ne masu barin nama ran Jumma'a su sayi kifin da ya fi naman tsada. A gidana in na ɗebo mudun masara na tuwon rana, sai in juye shi a wani buhu da ke bayan ƙofa. Kafin Ista buhun ya yi nauyi, yarana su kai mata da dare.

Katikis: Mama, abin da annabi Ishaya ya faɗa ke nan a sura 58, wadda ake karantawa ran Jumma'ar da ke bin Larabar Toka. Mutane sun yi gunaguni cewa sun yi azumi Allah bai duba ba. Aka amsa musu cewa a ranar azumin suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa. Azumin da Allah ya zaɓa shi ne a kwance wa wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci.

Ɗan Kwaya: Na ji, Mama, kuma zan fara buhun nan. Amma har yanzu ina kan bakana. Jikin da bai taɓa jin ƙishi ba, da wuya ya ji tausayin mai ƙishi. Sauƙin ya yi yawa, shi ya sa matasa da dama ba su ma san ranar azumin ta zo ba.

Malamar Makaranta: A nan kam ina tare da kai. Rashin koyarwa ne, ba laifin doka ba. Baba Katikis, a roƙi Fada ya yi bayanin wannan bayan addu'ar Hanyar Gicciye ran Jumma'a.

Katikis: Zan gaya masa gobe bayan Misa. Ɗana, ka zo da tambayarka ka yi ta da bakinka.