Baffana ya amsa min da "To" kawai, yanzu wata biyu shiru

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Matata ta haihu, ina Kaduna, baffana yana Funtuwa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya sa ni makaranta, ya nema min aure, har sadakin ma shi ya cika. Daren haihuwar muna asibiti, cajina saura kaɗan, sai na tura masa saƙo a WhatsApp. Ya karanta, ya rubuto "To." Bai zo suna ba. Na kira sau 3, gaisuwa kawai yake amsawa ya ce ana kiran salla. Ko don maganar gonar nan ce? Me zan yi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ɗana, kai ka ɓata. Wanda ya tsaya maka matsayin uba za ka sanar wa haihuwa a rubuce, kamar abokin makaranta? Zuwa da kai ya fi aike. "To" kala-kala ce: akwai ta yarda, akwai ta "na ji", akwai ta "za mu haɗu". A baki murya ke rarrabe su, a rubuce duk ɗaya suke. Ka sayi goro, ka hau mota, ka tsuguna a gabansa.

Ɗan Kwari: Wace gona kuma? Ba ka faɗa mana ba.

Maman Biyu: Ni uwar mijina haka ta yi min shekara guda a kan ban gaishe ta da asuba ba, alhali ina fama da laulayi. Manyan nan ba a iya musu. Ka rabu da shi, zai huce.

Mai tambaya: Hajiya, ba raini ba ne wallahi. Ƙarfe 2 na dare ne, ina zan tashe shi? Kuma ba a ba ni hutu ba a wajen aiki.

Hajiya Babba: Gari bai waye ba? Kaduna zuwa Funtuwa ta Zariya, ka je ka dawo a yini ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska, ba waya ba.

Abu Safiyya: Kar ka je kai tsaye. Fara tura gwaggonka ta ji bakinsa, dattijo ba ya faɗa wa yaro laifinsa ido da ido.

Hajiya Babba: Ɗan aike ƙara nisa zai yi.

Mai tambaya: Gwaggon ma ba sa ga maciji da shi. Ni dai gani nake da ya kira ya yi min faɗa da ya fi min wannan shirun.

Ɗan Kwari: Har yanzu ba ka ce komai kan gonar ba fa.