Wane tsibiri za mu je hutu? Yawo muke so, ba kwanciya ba

Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu fita. Ni da maiɗakina muna son yin hutu a wani tsibiri mai ɗumi, amma ba irin hutun da za a wuni kwance a bakin teku ba. Ita burinta hawan dutse da ratsa daji a ƙafa. Ni kuma ruwan nake so, in ga kifaye da murjani, ko da yake iyona bai yi ƙarfi ba. A wurin aiki an ba ni zaɓi biyu, Fabrairu ko Yuli. Hotunan Maldibs ne suka cika mini ido. Me kuka gani?

Hajiya: Wa alaikumus salam Auta, Allah ya sanya alheri. Maldibs akwai kyau, ba mai musu, amma in dai amarya dutse take so to ka ajiye shi gefe. Tsibirai ne kusan 1,200, kuma duk cikinsu wurin da ya fi tudu bai wuce 'yan mitoci kaɗan sama da teku ba. Tsibirin da muka sauka, kafin ƙafata ta ɗumama na zagaye shi. Kai za ka more, don ruwan garai-garai yake, kana tsaye kana ganin kifi na gilmawa ta ƙafarka. Ita kuwa za ta ƙosa tun ba a je ko'ina ba.

Injiniya: Auta, kafin a yi maganar wuri a fara yanke maganar wata. Fabrairu da Yuli ba su kai mutum wuri ɗaya. A Fabrairu, Morishus da Riyuniyon suna tsakiyar lokacin mahaukaciyar guguwa, wadda kan fi tsananta daga Janairu zuwa Maris. A Indonesiya damina ce, har dutsen Rinjani ma rufe shi ake yi a waɗannan watanni. Seshel guguwar ba ta cika isa can ba, amma lokacin ne aka fi ruwan sama. Waɗanda ke karɓar baƙi da kyau a Fabrairu su ne Maldibs da Zanzibar da Langkawi ta Malesiya. In ka ɗauki Yuli kuma, sai duwatsun su buɗe gaba ɗaya. Tunda akwai mai son hawa a tafiyar, ni Yuli nake gani.

Malam: Ni dai Zanzibar nake kai mutum, ko Fabrairu ko Yuli, duka biyun rani ne a can. Abin gudu shi ne Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan da suke kira masika. Daga Darussalam awa 2 ne a jirgin ruwa. Ga tsohon garin Stone Town da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2000, lunguna ne ƙanana da ƙofofin katako masu sassaƙa, mutum ya wuni yana tafiya bai gaji da kallo ba. Ga dajin Jozani da jajayen birai waɗanda asalinsu na tsibirin ne. A kusa da ɗan tsibirin Mnemba kuma ake leƙen kifi da tabarau da bututun numfashi.

Anti: Malam, a yi mini afuwa, Zanzibar ma shimfiɗe take. Jozani yawo ne na ɗan lokaci a kan hanya mai sauƙi da gadar katako, ba abin da amarya ke nufi da hawa ba ne. Sannan a gaya wa Auta maganar janyewar teku. A gabas, wajen Paje da Jambiani, in ruwa ya janye sai ka yi ta tafiya a kan farin yashi da ciyawar teku ba ka iske inda za ka jiƙa gwiwa ba, sai ka jira ya dawo. Mai son shiga ruwa duk sa'ar da ya ga dama, arewa zai sauka, Nungwi ko Kendwa.

Malam: Gaskiya ne Anti, wannan na yarda. Paje ta masu wasan sulu da lemar iska ce.

Alhaji: Ku bari in sa baki. Seshel ce kaɗai na sani da ta haɗa abin da su biyun ke so a wuri ɗan ƙarami. Tsibirai 115 ne amma uku ake zuwa, Mahe da Praslin da La Digue. A Mahe akwai dutsen Morne Seychellois mai tsayin mita 905, da hanyoyin ƙafa da yawa cikin kurmi. A Praslin akwai kwarin Vallée de Mai, inda wata irin kwakwa ke fitowa wadda ƙwallonta ya fi na kowace bishiya girma a duniya. Na ɗaga guda da hannu biyu, sai da na tokare shi da ciki. Ganyen bishiyar in iska ta kaɗa, ƙararsa kamar ana jan kwanon rufi. Daga nan minti 15 a jirgin ruwa ka isa La Digue, inda kusan kowa keke yake hawa. Illar Seshel biyu ce. Aljihu yana jin jiki, sannan a Yuli iskar kudu maso gabas na tayar da teku.

Hajiya: Alhaji ya taɓo inda nake so. Jirgin ruwan da ke tsakanin Mahe da Praslin tafiyar kusan awa guda ce, kuma a wannan lokacin ba ƙaramin jijjiga yake yi ba. Na ga manya sun riƙe leda. Seshel ta fi daɗi a Afrilu da Mayu ko Oktoba da Nuwamba, lokacin da iska ta kwanta. Auta kuwa ba shi da waɗannan watanni.

Ɗalibi: Yayyena, ba wanda ya ambaci Lombok da kyau, tsibirin da dutsen Rinjani yake. Rinjani mita 3,726 ne, na biyu a tsayi cikin duwatsu masu aman wuta na Indonesiya, kuma a cikin raminsa akwai tafkin Segara Anak. Ana hawa kwana 2 zuwa 3 da 'yan dako da tanti. In an sauko sai a tsallaka tsibiran Gili guda uku, inda babu mota ko ɗaya, sai keke da keken doki. Kunkurun teku kuwa kusa da gaɓa ake ganinsa. Yuli rani ne a can.

Likita: Ɗalibi, Rinjani ba wurin koyon hawa ba ne. Ƙarshen hanyar tsakuwa ce da toka masu zamewa, ana hawansa cikin dare, ga sanyi mai shiga ƙashi, kuma an sha yin haɗari a wurin. Auta, amarya ta taɓa hawan dutse mai kwana a hanya?

Auta: A'a Likita. Tana tafiyar ƙafa sosai, tana hawan tuddai na wuni guda, amma ba ta taɓa kwana a dutse ba.

Likita: To a bar Rinjani sai gaba. Tsakanin tsibiran Gili ma ruwa na ja da ƙarfi, ba na so wanda iyonsa bai nuna ba ya fara da can.

Injiniya: In da hawa kaɗai ake nema, da Riyuniyon ba ta da na biyu a tekun Indiya. Piton des Neiges ya haura mita 3,000, Piton de la Fournaise kuma yana cikin duwatsun da suka fi yawan aman wuta a duniya. Akwai kwarin Mafate, mutane na zaune a ciki amma babu titin mota ko ɗaya, sai ƙafa ko jirgi mai saukar ungulu. Sai dai yankin Faransa ne, takardun shiga na Faransa ake nema. Kuma tun 2011 da hare-haren kifin shak suka yawaita aka taƙaita wuraren shiga ruwa. Ita za ta samu abin da take so, kai za ka rage.

Anti: Shi ya sa tun ɗazu nake jira a zo kan Morishus. Tsibirin bai wuce kilomita 65 a tsawo da 45 a faɗi ba, kuma shingen murjani ya kusa zagaye shi. Igiyar ruwa can nesa take fashewa a kan shingen, abin da ke isowa gaɓa ruwa ne kwantacce marar zurfi. Wannan shi ne na Auta. Na amarya kuma, akwai gandun Black River Gorges da aka kafa a 1994, hanyoyin ƙafa birjik, masu sauƙi da masu wuya, har zuwa ƙololuwar tsibirin mai mita 828. Duk na wuni guda ne, da yamma a dawo masauki.

Amma wanda nake so ta hau shi ne Le Morne, a kusurwar kudu maso yamma. Mita 556 ne, a ido ba wani tsayi ba. Rabin farko hanya ce mai faɗi cikin inuwar bishiyoyi, har mutum ya fara raina shi. Daga nan sai dutsen ya miƙe. Ka ajiye sanda, ka kama da hannu, ka duba inda ɗan jagora ya sa ƙafa kai ma ka sa taka a nan. Wurin da hanya ta ƙare akwai gicciyen ƙarfe, ɗan fili ne da bai ɗaukar mutane da yawa. In ka juyo, ruwan ƙasa launi-launi ne, inda yake da yashi fari-fari, inda ya yi zurfi shuɗi mai duhu. A kan dutsen nan bayin da suka tsere suka riƙa ɓuya kafin a soke bauta a tsibirin a 1835, don haka UNESCO ta karrama shi a 2008. Ɗan jagoranmu ya nuna mana bangon da ake ba da labarin wasu sun faɗo daga kansa don kada a mayar da su. Wanda zai hau ya san wannan tun daga ƙasa, ba dutsen ɗaukar hoto kawai ba ne.

Alhaji: Anti ta yi magana. Amma a gaya masa Yuli lokacin sanyinsu ne.

Anti: Haka ne Alhaji. Ba sanyi mai cutarwa ba, hasali ma shi ya sa hawa ke daɗi, amma da yamma ana son riga mai ɗan kauri, ruwan ma da ɗan sanyinsa. Babban abu shi ne gefen da za ku sauka. Iska daga kudu maso gabas take bugowa, don haka ku guji gabas da kudu. Ku nemi yamma ko arewa, wajen Flic en Flac ko Trou aux Biches, duwatsu sun tare musu iska.

Likita: Auta, ga nawa, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke shi da wasa. Duk kwalekwalen da za ka shiga, ka ga rigar ceto da idonka kafin ka biya, ka saka ta, ka shiga ruwan da ita. Na taɓa shiga wani jirgi da aka ce akwai riguna, sai da muka yi nisa aka ciro guda biyu ga mutum fiye da goma. Ka fara gwada tabarau da bututun a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa har numfashinka ya daidaita. In ka ji ruwa na janka waje, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, ka bi gefe, tsawon gaɓa, ka ɗaga hannu. Ku sayi takalman roba saboda bushiyar teku, ƙayarta in ta karye a tafin ƙafa ta lalata hawan gobe. Kada a taka murjani, mai rai ne, kuma yankansa na saurin ruruwa. In kuma ka yi sha'awar nutso da tukunyar iska, ka bar kwana guda cur tsakaninsa da hawa jirgin sama. Inshorar tafiya kuma a karanta a ga ta ƙunshi hawan dutse.

Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata duka, tun daga maganar Le Morne ta ce an gama. Za mu ɗauki Yuli, mu sauka yamma. Tambaya ɗaya ta rage, mu yi hayar mota ko mu riƙa ɗaukar tasi?

Injiniya: A Morishus hannun hagu suke tuƙi, kuma hanyoyin da ke hawa wajen ƙauyen Chamarel, kusa da Black River Gorges, ƙanana ne masu lanƙwasa. In ba ka saba ba, ka ɗauki direba ranakun hawa, sauran ranaku bas ta ishe ku.

Anti: Ranar Le Morne ku fita da sassafe, kuma in an kwana ana ruwa ku ɗaga zuwa wata rana, dutsen na santsi. Ka sa shi a farkon hutun don a samu ranar musanya.