Hoto ɗaya a gidajen tarihi biyu, wanne ne na asali?

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. Tun jiya wani hoto ya hana ni sakat, na ɗan wasan kabuki (wasan kwaikwayon gargajiya na Japan) Otani Oniji na uku, wanda mai zanen Japan Sharaku ya zana a 1794. Ya turo kai gaba, ya tsuke baki, ya baza yatsu goma daga cikin riga kamar zai cafki mutum. Na gan shi a shafin gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, sai kuma ga shi a na ƙasa da ke Tokyo. Don Allah wanne ne na asali? Launinsu ma a idona bai zo ɗaya ba.

Mai Sassaƙa:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Duka biyun na asali ne, ai bugawa aka yi. Zanen da Sharaku ya yi da hannunsa ma babu shi yanzu, domin kife takardar ake yi a kan katakon ceri a manne, masassaƙi ya bi layukan da wuƙa har takardar ta ƙare. Kowane launi da katakonsa. Mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da ake kira baren. Ɗan tsagi a gefen katakon ne ke sa launi ya faɗa inda ya dace. Tsutaya Juzaburo ne ya buga ya sayar a Edo, wato Tokyo ta yau.

Tsohon Malami:
Batun launi kuwa, 'yata, haske ne. Ja da shuɗin zamanin daga furanni aka tatso su, suna saurin koɗewa. Shi ya sa ake baje irin waɗannan hotuna na 'yan watanni a ɗaki mai ɗan duhu, a mayar ma'ajiya. A gidan tarihin zane na Boston da ke Amurka akwai tarin Spaulding, wajen hotuna 6,000, da iyalan Spaulding suka bayar a 1921 bisa sharaɗin kada a taɓa baje su. Leƙa su a intanet ki ga yadda launi ke zama idan bai sha rana ba.

Ɗalibar Zane:
Na gode Baba. Na koma na ƙara girman hoton, ashe duhun da ke bayansa garin dutse ne mai ƙyalƙyali, har ana ganin inda ya goge. Abin da ya taɓa min zuciya, wata goma kacal Sharaku ya yi yana aiki, ya bar hotuna wajen 140, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Yau da dare zan zauna in kwaikwayi yatsun nan da fensir.