Ƙanwata tana SS3 ga ciki wata huɗu, in biya mata WAEC ko in haƙura?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙanwata shekararta 17, bara aka yi mata aure, mijin bai hana ta makaranta ba. Ita ce ta ce ta gaji. Kullum tana TikTok tana kallon masu jego sun sha lalle da leshi, wai sa'o'inta duk sun haihu suna shan gata. A wajen awo an ce haihuwar za ta faɗo a watan Mayu, daidai lokacin WAEC. In biya kuɗin rajista, ko a jira NECO, ko sai baɗi?

Ummu Sadik: A dage mata da zogale da hanta, cikin fari yana shan jini.

Hajjo: Hmm. Ni ina da 15 na haihu. Kwana uku ina naƙuda a ɗakin kakata, ana ta ba ni rubutu. Da aka kai ni asibiti yaron ya riga ya koma, ni kuma na tashi da yoyon fitsari. Leda nake shimfiɗawa ƙarƙashin tabarma, tsummokara kuwa da asuba nake wankewa don kar a ga shanyar. Wata biyu aka aiko min da takardata a hannun ƙanin mijin, ko zama bai yi ba. Sai a Babbar Ruga ta Katsina aka yi min aiki na warke. A fim amarya za ta yi amai sau ɗaya, a yanke, sai ga jariri cikin shawul. Wa ya taɓa nuna miki kwana ukun nan?

Maman Hanifa: Allah sarki Hajjo, Allah ya sa kaffara ne. To batun jarrabawar fa?

Anti Nas: Ku bar ta ta zana. Amma kar ta yi fashin awo, a riƙa duba hawan jini, don jijjiga ta fi kama masu cikin fari, musamman yara. Kuma a asibiti za ta haihu, ba a gida ba.

Gwaggon Yara: Mu 'ya'ya tara muka haifa a ɗaki, na fari ina da 14, ba abin da ya same mu. Ku dai kun iya tsorata mutane.

Anti Nas: Gwaggo, waɗanda abin ya samu ba sa nan balle su ba da labari.

Ummu Sadik: Ni dubu 45 na biya wa 'yata kuɗin WAEC bara.

Maman Biyu: Wace makarantar? Mu dubu 90 aka karɓa, wai har da kuɗin "taimako".

Baban Amir: Ku bar ta ta shiga da cikin, mutum biyu a kujera ɗaya, ai lissafi ba zai gagare su ba 😂

Maman Biyu: Kai Baban Amir wa ya sako ka cikin maganar mata?

Hajjo: Ni takardar makarantar ce ke min ciwo har yau. Da na gama sakandare da ban zauna wanke-wanke a gidan mutane ba.

Maman Biyu: Ai wannan ɗokin haihuwar ba laifin yaran ba ne kaɗai. Matar ƙanena kafin ta haihu sai da aka kira mai hoto, aka hura balan-balan, wai bikin ciki. Ranar suna anko kala biyu, mai kwalliya har gida. Ragon kuwa bashi aka ci.

Ummu Sadik: Anko dai! Ni an aiko min da atamfar suna ban ce ina so ba, yanzu kullum sai an kira ni kuɗi.

Gwaggon Yara: Da kin mayar musu da abarsu tun ranar.

Ummu Sadik: Uwar mijina ce fa ta aiko, Gwaggo.