Shawarwari ga mai bin salsalar gidansu

A wata tattaunawa da aka yi kan binciken asalin dangi, shawarar da ta fi yawa ita ce a fara da tsofaffin gida, musamman mata, tun suna raye. Ba sa cewa shekara kaza, sai dai su ce an haifi wane shekarar da Turawa suka ci Kano, watau 1903, ko lokacin yunwar 1914. Da wannan ake ƙiyasi.

Inda aka fi daɗewa shi ne lissafin Hijira. Malamai kan rubuta ranar haihuwa da ajami a bangon littafi, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Shi ya sa 1903 ta rabu biyu: faɗuwar Kano a 1320, yaƙin Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, a 1321. Wanda bai lura ba sai ya ga kamar takardu sun saɓa.

Sai batun takwara. Jika kan ci sunan kaka, don haka Muhammadu biyu a gida ɗaya ba mutum ɗaya ba ne. A nemi laƙabi da sunan uwa. Yawan 1 ga Janairu a takardun haihuwa kuwa, yawanci cike gurbi ne kawai.