Abin da fadarmu ta tsayar kan masu horas da Mena

Daren jiya a fadarmu ta Birni, nan Damagaram, shayi har ya huce ana gardama kan wanda ya dace ya riƙe Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar. Ga abin da na tsinta.

Mafi yawa sun ce a daina raina ɗan gida. Harouna Doula ne ya fara kai Nijar gasar cin kofin Afirka a 2012, daga rukunin da Masar da Afirka ta Kudu ke ciki, har hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2011. Amma tun kafin a fara gasar a Gabon sai aka ɗora masa Bafaranshe Rolland Courbis, wai mai ba da shawara. Wani dattijo ya aje kofinsa ya ce a bar haɗa direba biyu a mota ɗaya. Ni ma nan na tsaya.

Masu son baƙo sun kawo misalin Gernot Rohr, wanda ya samo makinmu na farko a gasar kofin Afirka a 2013, canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Shawararsu, in an ɗauko baƙon, a ba shi lokaci kamar yadda aka ba François Zahoui, ɗan Côte d'Ivoire da ya taɓa riƙe Mena, ya kuma riƙa zuwa jihohi duba yara, kada ya tsaya Yamai kaɗai.